Ranar da Na Bi da Masu Kawo Lefe ta Burtali

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo lefen ƙanwata Rabi ba, ko da tsufa ya sa na manta sunayen jikokina. Damina ta yi tsakiya, gero ya fi mutum tsayi a ƙauyenmu na ƙasar Kunci, ni kuma a lokacin ilmin taswira ya cika min kai har yana zuba.

Bari in fara gaya muku ciwona. Tun ina kwalejin horon malamai na ƙirƙiri wata ƙasa tawa ni kaɗai, na raɗa mata suna Jamhuriyar Farin Gulbi. Babu ita a duniya, a cikin kwamfutata kawai take zaune. Ƙawayena na kallon fim, ni ina shimfiɗa tituna. Kuma ba zanen shirme nake yi ba, ƙa'idoji gare ni masu tsauri. Duk hanyar da ta haɗa kasuwa da kasuwa mai daraja ta ɗaya ce, da jan layi mai kauri ake zana ta, ko da kwalta ko babu. Wadda ba ta haɗa kasuwanni ba, siririn layi ruwan ɗorawa ya ishe ta. Layin dogo baƙi ne da 'yan sanduna a gicciye. Shinge ma haka yake, sai dai sandunansa gefe ɗaya suke. Kowane gida da lambarsa, kuma daga gabas ake fara ƙirgawa. (Na taɓa rushe gari guda cur don na gano lambobinsa daga yamma suka faro.)

To dangin angon Rabi 'yan birnin Kano ne, ba su taɓa taka garinmu ba. Kuma an riga an tsegunta mana cewa gwaggonsa, Hajiya Laraba, wadda za ta jagoranci masu kawo lefen, tun farko ba ta so ɗan ɗan'uwan nata ya ɗauko 'yar ƙauye ba. Saboda haka duk gidanmu burinmu ɗaya ne, kada matar nan ta samu abin faɗa a kan Rabi.

Baba ya ce a yi yadda aka saba, a tura mai babur bakin titi ya tare su ya yi musu jagora, tunda sabis ɗin waya a wajenmu sai ya ga dama yake zuwa. Ni kuwa na ce ai wannan shi ne ƙauyancin da ake gudu. Na ce zan zana musu taswirar da ko a birnin ba su taɓa ganin irinta ba. Inna ta goyi bayana, ta ce ai ba a banza aka yi karatun ba. Baba ya kalle ni, ya kalli Inna, ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

Taswira ta yi kyau, wallahi, ko yanzu ba zan ƙi faɗa ba. Matsalar ita ce da ƙa'idar Farin Gulbi na zana ta. Hanyar burji da motoci ke bi zagaye take yi, ba ta taɓa kowace kasuwa ba, don haka ta samu siririn layi. Burtalin shanu kuwa, wanda ya ratsa gonaki daga kasuwar ƙauyen da ke kusa da mu zuwa tamu, shi ya samu jan layi mai kauri. Na zana shingen gonar mai unguwa don ya zame musu alamar inda za su yi kwana. Gidanmu na ba shi adireshi, Lamba Takwas, Titin Rimi. Bayanin alamomin kuwa ban sa ba, don a ganina abu ne da kowa ya sani. Na tura wa 'yar Hajiya ta waya, na koma ina jiran yabo.

Ranar ta zo. An soya kaji, an yi waina, an dama fura, mata sun cika tsakar gida. Inna sai zagayawa take tana faɗa wa kowa cewa mu ba mu tura kowa tarba ba, 'yarta ce ta zana musu hanya a kwamfuta. Hantsi ya wuce, babu baƙi. Azahar ta yi, babu baƙi. Waina ta huce, Rabi ta shige ɗaki tana kuka, ta ce ta san fasawa suka yi.

La'asar ta kusa muka ji hayaniya a ƙofar gida. Na leƙa, da ma ban leƙa ba. Amalanken maƙwabcinmu Malam Ado ce, shanu biyu na ja, akwatunan lefe a jere a kai, Hajiya Laraba a zaune a kan babban tana riƙe da takalmanta a hannu. Sauran matan suna biye a ƙasa, lesunansu sun sha taɓo har gwiwa. Motocin suna can cikin burtali sun kafe.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Direban motar gaba ya ga jan layi, ya ce ga babbar hanya, ya kutsa. Da hanya ta fara tsukewa matan suka ce a juya, ya ce a yi haƙuri, ga layin dogo nan gaba kaɗan, daga shi sai kwana. Haka suka yi ta neman layin dogo a cikin gero. Duk manomin da suka gani sai su tambaye shi Titin Rimi, lamba takwas, shi kuwa ya ce bai taɓa jin garin ba. Sai da Malam Ado ya ga akwatuna ya ce, ai gidan Malam Musa za ku, wato gidan Baba.

Aka shigo da su, aka kawo ruwa, kowa na ba da haƙuri. Hajiya ta ajiye takalmanta. Ta zauna, ta karɓi wayar 'yarta, ta ɗaga ta ce, "Wace ce ta zana wannan?"

Inna, wadda ta wuni tana tallata ni, ta sunkuyar da kai. Amma duk matan tsakar gidan suka juyo suka kalle ni, don an riga an gaya musu.

Na durƙusa. Mai hankali da haƙuri kawai zai bayar. Ni kuwa sai na ji bakina yana cewa ai ba layin dogo ba ne, shinge ne, in ta duba da kyau sandunan gefe ɗaya suke. Na ƙara da cewa jan layi ba ya nufin kwalta, ƙa'idar ƙasar ce haka.

"Wace ƙasar?" in ji Hajiya.

"Farin Gulbi, Hajiya."

"A ina take?"

"Babu ita, Hajiya. Ni na ƙirƙire ta."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma na tabbata na kashe wa Rabi aure da hannuna. Hajiya ta daɗe tana kallona. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta rufe baki da mayafi, dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Ta ce rabon da ta hau amalanke tun tana yarinya a garin kakarta, kuma ta gode Allah da ba jirgin ƙasan nawa aka ce su hau ba. Sannan ta ce a ɗumamo wainar, a kira mata 'yarta Rabi ta gan ta.

An buɗe lefe, an yi guɗa. Baba ya tara samari suka je suka turo motoci. Ni aka bar wa wankin takalman baƙi, na zauna a bakin rijiya ina kankare taɓo da tsinke, yara na tambayata ko a ƙasar tawa ma ana yin ruwan sama.

Yanzu Rabi tana ɗakin mijinta lafiya, Hajiya kuwa ta ɗauke ta kamar ita ta haife ta. Ni ce dai har yau ba ni da suna a dangin nan sai Ministar Hanyoyi. Abin da na koya shi ne, in kana da ƙasar da kai kaɗai ne ɗan cikinta, yi mulkinka yadda kake so, amma baƙon da zai zo gidan ubanka, yi masa kwatance da ƙasar da ƙafarsa za ta taka.