Rasuwar 'Yar Gulma, Mai Gadin Ƙafar Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu ya ƙi sauka, Tela da iyalinsa na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar 'Yar Gulma, shimfiɗar nan mai na'ura da ke cikin takalminsa na dama.

Marigayiya ta shigo gidan ne bayan ciwon suga ya kashe wa Tela tafin ƙafa, har ya zama ko allura ya taka ba ya ji. Ita ta ɗauke masa aikin jin zafi. Gyambon da ke ƙarƙashin babban yatsansa ya ɗan ɗumama, ta sani. Ya daɗe yana taka keken ɗinki, ta sani. Sai ta yi "ƙit-ƙit-ƙit", ta kai ƙararsa wurin nas ta waya, kafin ya gama hannun riga an kira shi an wanke shi tas. Ya zage ta ba adadi, amma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Jinya kuwa ba ta yi ba, kashe ta aka yi. Kamfanin da ya ƙera ta ya fitar da sabuwa, ya katse tsofaffin daga can ofis, bai ga damar sanar da kowa ba. Ko saƙo ɗaya, jama'a! 'Yar fitilarta ta ci gaba da haske, gawa da ido buɗe. Asibiti suka ji shiru, suka ɗauka lafiya ce. Tela ma ya ji shiru, har yana cika wa matarsa baki ya warke, ya karɓi ɗinkin 'yan makaranta guda, ya yi ta taka keke. Wari ne ya tona asiri, ranar da matar ta cire masa safa ta saki salati. Allah ya isa.

Ta rasu ta bar 'yar uwarta ta hagu marar na'ura, da caja, da keke a rufe da zane, da yatsu huɗu.

Ana karɓar gaisuwa a shago. Wakilin kamfani ya yi zamansa, an yafe ta'aziyyarsa, ba a yafe masa ba.

Za a yi jana'iza ranar Litinin, da zarar an fito da Tela daga tiyata. Ya ce a sa ta rami ɗaya da babban yatsansa.