Kwalbar Madam a Teburin Farfesa

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da aka kawo mini giyata a gaban malamin mijina. E, giyata na ce, ni da ko biskit zan saya sai na juya bayansa na karanta abin da aka zuba a ciki.

Lokacin muna zaune a Setapak, wata unguwa a Kuala Lumpur. Maigidana yana karatun digiri na uku, ni kuma ina riƙe da gida da 'yar sana'ar zoɓo da nake sayar wa ɗaliban Najeriya. Zoɓona ya yi suna ƙwarai (aƙalla a bakina). Ana nan sai malamin da ke duba aikin maigida, wani dattijon Farfesa ɗan Malaysia mai farin gemu, wanda jam'i ba ya wuce shi, ya shirya wa ɗalibansa da iyalansu 'yar tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa, daga Port Klang zuwa Penang a dawo. Maigida ya shigo da labarin har da zufarsa, don karatunsa kacokan a hannun mutumin nan yake, ga kuɗin tallafin karatu ya kusa ƙarewa. Abu ɗaya ya roƙe ni: in taimake shi in kama kaina. Na ji haushin maganar sosai. Kamar wata wadda ta saba kwafsawa.

Da yake karanta mana dokokin jirgin a wayarsa, sai ya zo kan wadda ta ce ba a shiga da abin sha daga waje, amma kowane baligi yana iya shiga da kwalbar giyar inabi guda ɗaya. Ya yi dariya, ya ce wannan ba tamu ba ce, ya wuce gaba. Ni kuwa ban wuce ba. Wato a hana ni shiga da halal, a bar wani ya shiga da haram? Nan take ƙwaƙwalwata, wadda ba ta taɓa kai ni inda aka yaba mini ba, ta kawo shawara. Zoɓo ja ne, giyar inabi ma ja ce. Me ya rage?

Na samo kwalbar lemon inabi irin wanda ake sha a walima, baƙa mai dogon wuya, mai toshiyar roba. Na jiƙa ta na kankare takardar jikinta. Na dafa zoɓo na gani na faɗa, citta da kanumfari da ɓawon abarba, na narka masa sukari ba tausayi. Niyyata in zuba wa matar Farfesa ta ɗanɗana, ta san cewa mu ma muna da abin nunawa. Tun da sauran kwanaki na haɗa shi, kuma da yake ba na son maigida ya gani, ban sa a firij ba. Cikin akwatina na cusa shi, a ɗakin da rana ke dukan bangonsa tun safe. Wanda ya san zafin Kuala Lumpur ya riga ya san ƙarshen labarin nan. Ni ce kawai ban sani ba.

Ranar tafiya, a wajen binciken kaya, Allah ya taimake ni (a ganina) maigida ya yi gaba yana ta rawar jiki da jakar Farfesa. Ma'aikaciyar wurin ta ciro kwalbar, ta tambaye ni mene ne a ciki. Na rage murya na ce mata giya ce. Ta dubi kwalbar, ta dubi hijabina da ya sauka har gwiwa, ta sake duban kwalbar. Sannan ta ce, "Boleh, madam, boleh," wato an yarda, ta liƙa mata takarda mai sunana da lambar ɗakinmu, ta yi wani dogon bayani da sauri. Ban saurara ba. Ina can ina yaba wa kaina a zuci, na ɗauka ɗaki za a kai mini ita. Ashe cewa take yi za su ajiye, sai a ɗakin cin abinci za a kawo mini.

Ranar farko kwalba ba ta zo ɗaki ba, ni kuma ba halin in tambaya, maigida yana manne da ni kamar ɗan sanda. Na ce a raina sun shanye, Allah ya isa.

Washegari bayan magariba aka haɗa mu cin abinci teburi ɗaya da Farfesa da matarsa, wata baiwar Allah mai sanyin murya da kowa ke kira Puan, da sauran ɗalibansa da matansu. To ni fa na zo da shirin in burge. Da mai kawo abinci ya iso, na tsare shi da tambayoyi da ƙarfi yadda kowa zai ji. Kazar nan wa ya yanka ta? Miyar nan ba a ɗiga mata giya ba? Cokalin nan bai taɓa naman alade ba? Bawan Allah ya yi ta amsawa cikin ladabi. Puan ta dafa hannuna, ta ce wa maigida ya yi dace da mace mai tsantseni. Maigida ya yi murmushi, irin wanda rabona da in gani tun muna amarci. Ni kuma na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, alhali kaina ya kusa taɓa rufin jirgin.

Ina cikin wannan sunkuyon ne wani ma'aikacin ya turo ɗan keke ya tsaya daidai kujerata. Bokitin ƙanƙara a kai, farin ƙyalle a hannunsa. Ya ɗago kwalbata da hannu biyu kamar mai miƙa jariri ranar suna, ya juyo takardar da ke ɗauke da sunana yadda kowa zai karanta, ya rusuna ya ce, "Your wine, madam."

Cokalin Farfesa ya tsaya tsakanin faranti da bakinsa. Puan ta janye hannunta daga nawa a hankali, kamar wadda ta tuna tana da wani amfani da shi. Maigida ya ce wa ma'aikacin kuskure aka yi, ba tamu ba ce. Shi kuwa, da yake mutum ne mai riƙon amanar aiki, ya karanto sunana da lambar ɗakinmu tiryan-tiryan, ya ƙara da cewa madam da kanta ta miƙa ta a bakin ƙofa.

A nan ne mai hankali zai yi bayani dalla-dalla. Ni kuwa Turancina ya gudu ya bar ni, abin da ya fito daga bakina shi ne, ai ni na haɗa ta da kaina a gida. Da na ga idon Puan ya ƙara girma, sai na gyara maganar: na ce ai har sayar wa ɗalibai nake yi.

Maigida ya matso kusa da kunnena ya ce da Hausa, "Don girman Allah ki yi shiru."

Ban yi ba. Na ce a buɗe kowa ya gani, zoɓo ne, ganye ne kawai da sukari. Na fizge kwalbar daga hannun ma'aikacin, na danna toshiyar da babban yatsa. Abin da kwanaki da zafi da sukari da ɓawon abarba suka ƙulla a ciki, shi ya ba ni amsa. Toshiyar ta tashi da ƙara ta daki fitilar sama, jan ruwa ya biyo ta da kumfa, ya bi ta kan farantai ya sauka a farar rigar Farfesa, tun daga wuya har aljihu. Har gemun ya samu rabonsa. Wani wari mai tsami ya tashi, irin wanda ko ban taɓa shiga mashaya ba na san daga can yake. Mutanen teburin kusa da mu, wasu Turawa, suka hau tafi, sun ɗauka biki muke yi.

Ma'aikacin ya shinshina bakin kwalbar cikin ƙwarewa, ya gyaɗa kai, ya ce ba laifi, amma ba ta gama nuna ba.

Kun ga ke nan, ko rantsuwar cewa ba giya ba ce ba zan iya yi ba.

Farfesa ya ɗauki ƙyalle yana goge gemunsa. Maigida ne ya miƙe tsaye ya yi bayanin komai, kamar mai kare kundin bincikensa: mene ne zoɓo, yadda ake dafa shi, da dokar da matarsa ta so ta zagaye. Da ya kwatanta ganyen, Puan ta gane shi, ta ce ai su ma suna da shi, sai dai a firij suke ajiyewa. Ta faɗi hakan cikin tausayawa, wanda ya fi zagi ciwo. Farfesa kuwa ya dube ni ta saman tabarau, ya ce a shekarunsa na koyarwa ya ga masu ɓoye giya su ce lemo ne, amma bai taɓa ganin mai ɓoye lemo ta ce giya ce ba. Sannan ya ce, "Makan lah," wato a ci abinci, kowa ya koma kan farantinsa. Ni dai ban san abin da na ci ba.

Sauran tafiyar a ɗaki na yi ta, na ce jirin teku ke damuna. Maigida bai yi mini faɗa ba, kallona kawai yake yi ya girgiza kai. Kafin mu sauka a Port Klang labari ya riga mu isa Setapak, don matan ɗalibai ba su ɗauki wayoyinsu don ado ba. Yara masu sayen zoɓona suka koma tambayata, da fuskar mutunci, ko na yau mai ƙarfi ne ko na masu azumi. Farfesa bai riƙe mu a rai ba, ya sa wa maigida hannu a aikinsa har ya kammala, sai dai duk walimar da ya gayyace mu, yakan ce a gaya wa madam ta zo hannu rabbana, an tanadi abin sha.

Darasin da na ɗauka kuwa shi ne: duniyar nan in ka faɗi gaskiya sai an nemi shaida, amma ka yi wa kanka ƙazafi sau ɗaya, nan da nan za a yarda, a liƙa masa sunanka, a sa shi a ƙanƙara, a kawo maka shi a gaban mutumin da ka fi jin kunya.