Ruwan Baƙo

A wani daji da ke da unguwanni biyu, Bakin Kogi da Tudu, maginin rijiya ɗaya ne tak, wato Baba Dabgi. Ya tsufa, faratansa sun dakushe, rijiya ɗaya yake iya haƙawa a shekara. Duk ƙarshen damina majalisa kan zauna a gindin kuka don yanke inda za a haƙa ta, kuma shekara shida a jere Bakin Kogi ke ci, saboda birai ne mazaunanta, su kuwa Allah ya hore musu maƙogwaro.

A shekara ta bakwai Giwa, shugabar majalisa, ta gaji. Ta ce, "Jama'a, kunnuwana manya ne, don haka hayaniya ta fi cutar da ni. Bana ba za mu bi ƙarfin murya ba. Za a zaga gida-gida a auna zaman lafiyar kowa, da abin cinsa, da ruwan shansa. Abin da aka samo za a zana shi a jikin kukar nan, babba da yaro kowa ya gani. Unguwar da ta fi shan wahala ita ke da rijiya."

Aka naɗa Malam Belbela ya yi zagayen, ganin rigarsa fara ce fes, ba a taɓa jin ya yi ƙarya ba. Gaskiya kam yana da ita. Abin da ba shi da shi shi ne zama, domin ko gaisuwa yake yi ƙafarsa ɗaya na sama. Ya tsara tambayoyi uku gajeru: ina gida, ina aiki, yaya ruwa.

Ya fara da Bakin Kogi, gida talatin. Birai ba su san kawaici ba. Ya ce ina gida, suka ce sauro ya hana barci. Ya ce ina aiki, suka ce ɓaure ya yi nisa. Ya ce yaya ruwa, suka ce sanyinsa na kashe haƙori. Kowane gida sai an dire masa ƙwarya ya jiƙa maƙoshi kafin a ci gaba da ƙorafi.

Daga nan ya hau Tudu, unguwar bushiyoyi da kurege da kunkuru, gida goma sha tara. Damina ba ta yi musu kirki ba, tafkinsu ya riga ya zama taɓo mai tsagewa. Iya Bushiya, mai 'ya'ya biyar, kullum sai ta kai su su lashi raɓa a ganye, kuma ta san da bazara ta shigo raɓar ma za ta ɗauke. In ba rijiya bana, sai dai ta kwashe su su bar ramin da aka haife ta.

Belbela ya yi sallama a ƙofarta, ta fito ta durƙusa.

"Ina gida, Iya?"

"Lafiya lau, Malam."

"Ina aiki?"

"Da godiya."

"Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Tana gyara zama don a shiga magana, ya riga ya buɗe fiffike. Haka aka yi masa a duk gidajen Tudu, amsa ɗaya ba ragi. Ya sauko yana murna da samun unguwar da ba ta da matsala ko ɗaya, amma ransa a ɗan ɓace, har ya ƙara wani layi na kansa a ƙarƙashin sakamakon.

Ranar majalisa kowa ya taru gaban kuka. Zane ya nuna gida talatin na Bakin Kogi suna cikin ƙunci, gida goma sha tara na Tudu suna cikin ni'ima. Gwaggon Biri, mai magana da yawun birai, ya miƙe ya ce, "Ranki ya daɗe, da an ce muryarmu ce ke ci. To ga shi yau alƙalami ya yi magana, shi kuwa ba ɗan unguwarmu ba ne. Baba Dabgi ya taho, mun ma share masa wuri kusa da ta bara."

Giwa ta ɗaga hanci za ta yanke hukunci, sai aka ji ƙaramar murya daga baya. Iya Bushiya ce. Ba ta taɓa magana a majalisa ba.

"Ranki ya daɗe, a yi mini afuwa. Tafkinmu ya ƙafe."

Giwa ta dubi kuka, ta dube ta. "Iya, ba ke kika ce ruwa ya yi gyara ba?"

"Ni na faɗa, ranki ya daɗe, kuma gobe ma aka tambaye ni haka zan ce. Gaishe ni aka yi, na amsa. A gidanmu ko gawa ce kwance a ɗaki, aka ce ina gida, lafiya lau za a ce, sai baƙo ya zauna ya huta sannan a ce masa sai dai. Malam bai tsaya ya ji sai dai ɗinmu ba. Ban zarge shi ba, aiki ya yi masa yawa. Amma tunda an ce zanen nan na kowa ne, ina roƙo a karanta mana ƙaramin layin can na ƙasa, idona bai kai ba."

Belbela ya yi gyaran murya, ya sauya ƙafa. "Wannan ba ya cikin awo. Ra'ayina ne kawai."

Giwa ta ce, "Karanta."

Ya karanta: "Mutanen Tudu suna da ladabi, amma marowata ne. Gida goma sha tara na shiga, ba wanda ya ba ni ruwan baƙo."

Duk dajin nan an san Tudu da karrama baƙo. Tsohon Kunkuru ya taɓa bin baƙo tafiyar yini da ƙwarya a baya don ya tafi bai sha ba. Iya Bushiya ta sunkuyar da kai, hawaye ya zubo mata, domin wannan layin ya fi ƙishirwa yi mata zafi.

Ta ce, "Ranar da Malam ya tafi, kunya ta hana ni cin abinci. Randata a kife take. Da akwai ko kurɓi ɗaya, wallahi da shi zan ba kafin 'ya'yana."

Giwa ta juya ga Belbela. "A Bakin Kogi fa, gida nawa suka ba ka?"

"Duka talatin, ranki ya daɗe. Har tashi sama ya so ya gagare ni."

Giwa ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kowane mai ɗaki ke nuna wa baƙo ba. Malam, awonka uku sun auna tarbiyya, ƙorafinka ɗaya ya auna ruwa. Baba Dabgi, gobe ka hau Tudu."

Kwana arba'in Dabgi ya yi yana haƙa, kurege na kwashe ƙasa, ranar da ruwa ya ɓullo 'ya'yan Iya Bushiya suka sha har cikinsu ya yi tulu. Ƙwaryar farko kuwa Iya ta aika wa Belbela, ya sha yana jin nauyi. Bazarar nan ba wanda ya bar Tudu.

Majalisa ta yi murna da gano ma'aunin da ba ya ƙarya. Aka goge tambayoyin nan uku, aka zana a jikin kuka da manyan baƙaƙe cewa daga yanzu unguwar da ta kasa ba baƙo ruwa ita ke da rijiya. Birai suka tsaya suka karanta da kyau, har sau biyu.

Da shekara ta zagayo Malam Belbela ya sake fita zagaye, a Tudu kaɗai ya sami mai ba shi ruwa.