Yadda Za Ki Zama Masaniyar Tsofaffin Kuɗin Larabawa a Gidan Surukai

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don a aji huɗu bokona ya tsaya, kuma ni ko sallama zan yi a gidan mutane sai na gwada ta a zuci tukuna. Amma ƙanwar mijina Umaima ta ce ɓoye ilimi zunubi ne, tana faɗa tana riƙe ciki don dariya. To ga shi. In kika bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi miki alkawari cikin mako guda za a riƙa nuna ki da baki a gidan mijinki. Ni an nuna ni.

Mataki na 1: Ki shiga gidan da ya dace

Nemi gidan ma'aikata irin namu na Unguwar Kanawa, inda kowa ke da digiri, har kyanwar gidan kallon jahila take miki. Lallai surukinki ya zama ɗan fansho mai gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado. A namu gwangwanin akwai riyal, da fam ɗin Sudan, da na Masar, waɗanda mahaifin Baba ya dawo da su lokacin da ya je Makka ta ƙasa, a bayan babbar mota. Sunan Baba kuwa ba za ki ji shi a bakina ba, suruki ne. Wata bakwai ina gidan, abin da ke haɗa mu bai wuce "Ina kwana" daga durƙushe ba, ido a ƙasa, sai in ruga kicin. Ban ma tabbata ya san muryata ba.

Mataki na 2: Ki yi suɓutar baki sau ɗaya tak

Jira ranar da za a fito da gwangwanin tsakar gida. Ranar tamu, mijina Habibu da Umaima suna ta musu kan wata takarda, shi ya ce ta Libiya ce, ita ta ce ta Iraki, don rubutun duk a lanƙwashe yake babu wasali. Ni kuwa a unguwar Badarawa na tashi gaban mahaifina yana rubuta wa mutane wasiƙa da ajami. Na zo wucewa da faranti, bakina ya ce, "Sudan ce, ga shi nan an rubuta." Kowa ya juyo yana kallona. Na ajiye farantin na gudu, takalmina ɗaya ya rage a wurin.

Kada ki koma ɗaukar takalmin. Masana ba sa komawa.

Mataki na 3: Ki samu kakaki

Tunda ba za ki iya buɗe baki gaban suruki ba, ki laɓe bayan labule ki riƙa raɗa wa ƙanwar miji, ita ta isar. Zaɓi mai ƙarin gishiri. In na ce takarda tsohuwa ce, Umaima sai ta ce wa Baba amarya ta ce ko gidan tarihi ba su da irinta. In na ce ban sani ba, sai ta ce amarya tana nazari. Mai kunya da masani kamarsu ɗaya, duk shiru suke yi.

Mataki na 4: Ki koyi yanke daraja

Ɗaga takardar ta saitin rana. Shinshina ta. Ki ce "Uhm." Gajeren uhm na ƙaramin kuɗi ne, dogon uhm na babba, in kin haɗa da girgiza kai to maganar ta kai sayen fili. Wadda ta fi warin tsohon akwati ita ta fi tsada. Kada ki tambaye ni dalili.

A kowane gwangwani akwai sarauniya. Tamu wata koriyar takardar Masar ce, a ninke gida huɗu, ta manne da kanta shekara sittin. Bakin wani rubutun hannu yana leƙowa daga ninkin, gidan duk sun yarda addu'a ce kakan Habibu ya bar wa zuri'a. Baba ba ya taɓa ta sai ya wanke hannu. Ran Alhamis ya ce Malam Mansur, mai sayen tsofaffin kuɗi a unguwar Doka, zai zo Asabar ya duba sauran, amma koriyar ko gida aka ba shi ba zai sayar ba. Sannan ya aiko min da gwangwanin gaba ɗaya, wai amarya ta riƙe amana. Na yi rawa a ɗaki, ƙofa a kulle.

Mataki na 5: Ki goge su

Eh, guga. A gidan da ko hankicin Habibu sai an goge, ta yaya baƙo zai zo ya tarar da kuɗinmu a yamutse kamar ganyen alala? Ran Juma'a da hantsi, kowa ya fita, babu wuta, sai ki aro dutsen guga na gawayi. Yayyafa ruwa kaɗan. Riyal za su fito sumul kamar yau aka buga su, ki jera su kan gado kina yi musu kirari.

Sai ki zo kan sarauniya. Tururi zai sa ta buɗe a hankali, gida ɗaya, gida biyu, ga rubutun kaka nan ɓaro-ɓaro da ajami. Ki sunkuya ki karanta. Ki sake karantawa don ba ki yarda da idonki ba. Dutsen gugar kuma ki manta shi a kan kusurwarta har sai hancinki ya tuna miki.

Mataki na 6: Ki ji shawarar ƙwararru bayan aikin gama ya gama

Umaima ta dawo da la'asar, ta leƙa gadon, ta zauna a ƙasa. Ashe tun jiya Malam Mansur ya ja mata kunne a waya kada a wanke, kada a goge, kada a liƙa, don takardar da ta sha guga darajarta ta tafi. Ta manta ba ta isar ba, ita da ke isar da abin da ban ma faɗa ba. Da ta ga ƙunar koriyar sai ta ce bari ta gaya wa Baba ɓera ne. Na ce wane irin ɓera ne ke yawo da gawayi? Ta ce to ita za ta yi min bayani. Na tuna irin bayaninta, na ce a'a na gode.

Gargaɗi

Duk wadda ta bi matakan nan ta ƙona gadon gidan mijinta, babu ruwana, babu ruwan Umaima, babu ruwan mai dutsen guga. Ni ban san ki ba. In an tambaye ni, aji huɗu na tsaya.

Ni dai abin da na yi washegari shi ne, bayan karin kumallo na ɗauki gwangwanin na tarar da Baba kan tabarma, na durƙusa, ban gudu ba. Na ce, "Baba, ni na goge su, ni na ƙona wannan." Ya daɗe yana kallon ƙunar. Sannan ya matso da takardar kusa da tabarau, ya nisanta ta, ya ce shi ajamin tsofaffi ya fi ƙarfinsa, in karanta masa addu'ar. Na karanta: "An cuce ni da wannan a Hartum. Ba ta ci ko'ina. Kada a gaya wa Delu."

Delu mahaifiyar Baba ce. Sai kafaɗunsa suka fara motsi, ya yi dariya har ya cire tabarau yana share hawaye, yana cewa shekara sittin yana wanke hannu. Ya ce Habibu ya gaya wa Malam Mansur ya huta abinsa. Sannan ya gusa ya bar min gefen tabarma.

"Sake karanta min, 'yata. Ɗaga murya."

Na karanta sau uku. A na ukun har kai na ɗaga.