Ranar da Jinina Ya Kayar da Ni

Shekara ashirin ina fawa a kasuwar Isa, jini bai taɓa sa na kau da kai ba. Shi ya sa ranar da maƙwabcina Malam Sani ya zo a guje, ya ce matarsa ta haihu jini ya ɓalle mata, asibiti na neman mai bayarwa, na ajiye wuƙa na ce, "Ni za ni ba da. Ni da jini ai abokan sana'a ne."

A asibiti na iske ƙannensa uku sun yi tsuru-tsuru bisa benci. Na yi musu faɗa sosai kan ragwanci.

Nas ta ɗaure mini hannu ta ce, "Baba, ku juya fuska bango."

Na ce, "Ɗiyata, kin san bijimi nawa na yanka?"

Na ƙura wa ledar ido tana cika, ja wur. Can sai zuciyata ta raɗa mini, "Wanga jini fa ba na sa ba ne, naka ne."

Na farfaɗo ƙafafuna bisa matashi, ragwayen nan uku suna yi mini fifita da hulata.

Allah ya so ledar ta cika, mai jego ta tashi. Samarin ma duk suka ba da, babu wanda ya ko lumshe ido. Ni ma ina komawa, fuskata a bango.

Amma har yau, da na kayar da sa na zaro wuƙa, sai wani ya ƙwala ihu daga rumfa: "Jama'a, ku bar san, ku riƙe mahaucin!"