Kwamfuta a Gefen Shanyar Barkono

Na je hutu Fakku ina tsakiyar binciken digirina na biyu, a kan wani irin sa hannu na sirri da ake yi da kwamfuta, wanda aka gina bisa lissafi mai siffar raga, har ko kwamfutocin kwantam masu tsananin ƙarfi da ake jira ba za su iya yin jabunsa ba. Makullin sirrin da aikin duka suna cikin kwamfutata kaɗai, domin ban yarda da kowa ba.

Batirinta ya fara sanyi. Na tuna yadda Baba yake shanya batirin rediyo a rana ya farfaɗo, sai na ɗora ta a kan rufin kwano, kusa da barkonon Inna.

Yayana ya ce, "Anya wanga abu na son rana?"

Na ce, "Yaya, bar wa masu ilimi."

Ashe batirin kwamfuta, na lithiyam, ba ya wannan wasa. Bayan azahar ya kumbura ya kama wuta, barkonon ma ya kama. Unguwa ta kaure da tari, har liman ya sallami masu karatu. Aikina ya ƙone ƙurmus.

Inna ta ce, "To, yanzu kam babu mai sace shi."

Har yau in wani ya yi atishawa a gidanmu, sai ka ji an ce, "Injiniya ya iso ne?"