Rasuwar Shagwaɓa, Jitar Gidanmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni da iyalina muke sanar da ’yan’uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da suka daɗe suna haƙuri da mu, rasuwar jitarmu, wadda aka fi sani da Shagwaɓa. Ta cika ranar Asabar da la’asar a tsakiyar falo, a kan cinyata, bayan doguwar jinyar da ba ta taɓa hana ta aiki ba.

An haifi marigayiya a ɗan ɗakin ajiya da ke bayan gidanmu, tsakanin tsohuwar tayar mota da wasu buhuna da ba wanda ya san abin da ke cikinsu. Ni na ƙera ta da hannuwan nan nawa, bayan na yi ritaya daga tuƙin motar ma’aikata. Kafin nan, ko ƙusa ban taɓa bugawa ta shiga a miƙe ba. Fuskarta daga ƙofar tsohon kabad ɗin maiɗakina ta fito. Wuyanta kuwa ƙafar teburin cin abinci ce, shi ya sa har yau teburin yake tsaye a kan bulo. Ranar da maiɗakina ta tarar da ni na ɗora zarto a kan ƙofar, cewa ta yi, “Malam, mutane suna ritaya su huta, kai ka yi ritaya ka hana mu hutawa.” Ta ajiye mini shayi ta fita. Na ɗauki wannan a matsayin amincewa.

Haihuwar ba ta zo da sauƙi ba. Kafin a sami ƙugun jita, sai an jiƙa siririn katako an ɗora a kan bututun ƙarfe mai zafi, ana lallaɓa shi har ya lanƙwashe. Na farko ya karye. Na biyu ya ƙone, har maƙwabci ya leƙo ta katanga da bokitin ruwa. Na uku ya lanƙwashe, amma ta inda ya ga dama, don haka marigayiya ta zo duniya da ƙugu ɗaya ya fi ɗaya girma. Da aka zo liƙa gefuna da gam, na kwashe duk abin maƙale shanya da ke gidan na matse ta da su, iska ta yi ta kai rigunanmu gidan mutane. Na goge ta da samfefa har zanen yatsuna ya ɓace, wayata ta daina gane ni.

Ranar da na ɗaura mata tsirkiya shida na ƙarfe na kaɗa, ta ce “dirrrin”, da wata murya mai kauri wadda ba ta yi kama da jikinta ba. Na zauna a kan tayar nan na sake kaɗawa. Sai dai tsirkiya ta uku tun daga ranar take da ɗan tsaki, “zzz”, kamar ƙuda a cikin kwalba, kuma bai rabu da ita ba sai ranar ajalinta. Autarmu ce ta raɗa mata suna, domin in an yi ruwa sai muryarta ta sauka, in rana ta buɗe sai ta hau, kullum sai an murɗa mata kunne an rarrashe ta kafin ta yarda ta yi magana.

Marigayiya mai haƙuri ce. Waƙa uku kacal na iya, ta yi ta maimaita su shekara da shekaru ba ta taɓa ƙorafi ba. Amma babban aikinta na alheri, wanda ba za mu manta ba, shi ne wanda ta yi wa mahaifiyata. Bayan Inna ta sami shanyewar ɓarin jiki, bakinta ya rufe. Likita ya ce a yi ta yi mata magana. Muka yi har muka gaji, ido kawai take bin mu da shi. Wata rana da hantsi na rasa abin faɗa, sai na ɗauko Shagwaɓa na zauna a bakin gadonta, na fara wata waƙa da take yi mana muna yara. Ina tsakiyar baiti na biyu tsirkiya ta uku ta yi tsakinta. Inna ta motsa leɓe. Na sunkuya kusa da bakinta.

“Ba haka ba ne,” in ji ta, a hankali, kalma ɗai-ɗai. “Kai dai ba ka iya ba.”

Maiɗakina ta saki tiren da ke hannunta. Ni kuwa ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Daga nan kullum sai na je na ɓata waƙar, ita kuma ta gyara mini, har harshenta ya saki.

Ciwon ajali ya fara ne da kumburin ciki. Tsirkiyar ƙarfe ba ta barci, ja take yi dare da rana, sai katakon fuskar ya fara tasowa a bayan jaki, wato ɗan guntun katakon da tsirkiyoyi suke ɗaure a kansa. Daga baya wuya ya sunkuyo. Na kai ta wurin aminina kafinta. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya kara kunne, ya leƙa ramin cikinta da tocilan. Ya ce, “Aboki, ka sassauta mata tsirkiya ka rataye ta, ta huta.” Na ce Inna ba za ta yarda ba. Ya ce, “To ka riƙa kaɗawa a hankali, kuma kar ka sa fuskarka kusa.”

Ranar Asabar ɗin, dangi sun taru murnar Inna ta fara takawa da sanda. Falo ya cika har ƙofa. Ƙanin maiɗakina, wanda muke kira Sarkin Shawara, ya ce muryar ta yi ƙasa, in ƙara murɗawa kaɗan. Na ƙara. Muka shiga waƙar, marigayiya tana ba da wata murya mai daɗi da ban taɓa jin ta yi ba, ko tsakin babu. Muna kaiwa amshi sai ta ce “tas!” Jaki ya ɓalle, ya tashi sama, ya faɗa cikin kofin shayin Sarkin Shawara. Fuskarta ta tsage tun daga ramin har ƙasa. Sai Inna ta buga sandarta a ƙasa, ta ɗauki amshin daga inda ya tsaya, ta kai shi ƙarshe da muryarta ita kaɗai. Ba wanda idonsa bai kawo ruwa ba, har da mai kofin.

Ta rasu ta bar ni, mahaifinta, da yatsu huɗu da suka yi kanta saboda danna tsirkiya. Ta bar zarto, da rabin gwangwanin gam, da kabad mai ƙofa ɗaya, da maƙwabta waɗanda suka zo ta’aziyya da fara’ar da ta ɗan yi yawa. Mun yafe musu.

Za a yi mata rakiya ranar Lahadi da safe a ɗakin da aka haife ta, inda za a rataye ta a bango, ta fuskanci taga. Bisa shawarar iyali, an ba da kyautar kunnuwanta shida, waɗanda har yanzu suke da ƙoshin lafiya, ga wata jita da ba a haifa ba tukuna. Masu zuwa su taho da kujerunsu. Ba za a yi kiɗa a wurin ba, domin mai yi mana ita ce a kwance.